Tazarar Yatsu Huɗu

Wata Talata da hantsi Mahdi na durƙushe a ƙofar shagonsa na kafinta da ke Nasarawa Gwom, yana goge ƙafar wani teburi, sai inuwar mutum ta tsaya a kansa. Ya ɗaga kai. Budurwa ce doguwa, da gyale da takalmin kambas, ta rungumo wata naɗaɗɗiyar takarda a ƙirji.

"Salamu alaikum. Kai ne Mahdi kafinta?"

"Ni ne, in dai ba ƙara aka kawo ba."

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta warware takardar a kan teburin, ta danne gefenta da gudumarsa ba tare da ta nemi izini ba.

"Sunana Madina Labaran, zanen gine-gine na karanta. Kafintoci uku na nuna wa wannan, duk dariya suka yi mini. In kai ma dariyar za ka yi, ka yi da wuri, mai keke na jira na."

Zanen gida ne, amma ba a ƙasa yake ba. Ɗaki biyu ne da baranda, an ɗora su tsakanin manyan itatuwan maɗaci guda uku, tsayin mutum biyu daga ƙasa. Matakala ta naɗe gindin ɗaya, wani kuma ya ratsa ta tsakiyar falo ya fice ta rufi. Mahdi ya daɗe yana kallo, sannan ya zaro fensir daga bayan kunnensa ya nuna wani wuri.

"Nan fa? Na ga kin bar rami kewaye da itacen. Mantuwa ce?"

"Tazara ce. Yatsu huɗu, duk inda katako ya kusanci jikin itace. Itace rai gare shi, Malam. In iska ta taso rangaji yake yi, kowace shekara kuma ƙiba yake ƙarawa. In ka matse shi, ko ya fasa gidan, ko gidan ya shaƙe shi."

"Mu a wurinmu, kafintan da ya bar ko mashigar allura tsakanin katako da katako ya yi abin kunya."

"To, a wurina za ka koyi jin kunya."

Sai a lokacin ta yi murmushi. Teburin nan dai bai samu sauran guga ba a ranar.

Filin aikin yana bayan Tina Junction, ta hanyar Lamingo, a tsakanin duwatsu. Na wani saurayi ne mai suna Abdulfatah, ɗan kasuwa da ya dawo daga Abuja yana son wurin hutawa irin wanda ba kowa ke da shi ba. Mahdi ya ɗauko abokin aikinsa Dachung, mai walda daga Kabong, don ya ƙera ƙarafan da za su tallafe azara a jikin itatuwan. Kullum ƙarfe bakwai na safe Madina na wurin da fulas ɗin shayi, sanyin Jos na kaɗa mata gyale, tana hawa tsani kamar a kansa aka haife ta.

Ba a yi sati uku ba Dachung ya ɗaga gilashin waldarsa ya ce, "Oga Mahdi, wannan yarinya ya gama da kai. Tun safe ƙusa ɗaya kake bugawa."

Gaskiya ya faɗa. Daga "Injiniya" aka koma "Tsuntsuwata", daga "Malam" aka koma "Kafintana". Da yamma in an tashi aiki sai waya ta karɓa.

"Tsuntsuwata, kin isa gida lafiya? Kin manta fensirinki a kan azara. Yana bayan kunnena, kuma ba zan bayar da saƙo ba, sai mai shi ta zo da kanta."

"Kafintana, kunne ɗaya fensir biyu? Ka riƙe amana. Gobe ka sa rigar sanyi, na ji kana tari."

Da magana ta yi nisa Mahdi ya tura kawunsa gidansu. Mahaifinta, Malam Labaran, tsohon hedimasta ne, ya ce yaron yake son gani da idonsa. Mahdi ya je ya durƙusa a gefen tabarma, hannayensa masu kanta a kan gwiwa.

"Ba sana'arka na raina ba," in ji Malam Labaran. "Ubana kwanon kuza ya ɗauka a ka a wurin haƙar ma'adinai har ya tsufa. Amma shekarata sittin da biyu, ban taɓa jin kafinta ya ce shi ya ɓata aiki ba. Kullum katako ne ɗanye, ko ƙusa ce jabu, ko damina ce ta jawo. Wanda ba ya laifi a shago, a gida ma ba zai yi ba, 'yata ce za ta zama katakon. Kuma ba zan ɓoye maka ba, mahaifin Abdulfatah aminina ne, ya riga ka magana. Ban amsa masa ba, kai ma ban amsa maka ba."

Maganar katako ba ta zauna wa Mahdi a rai ba sosai. Sunan Abdulfatah ne ya biyo shi har gida. Mahdi mutumin kirki ne, ga haƙuri ga kunya, amma Allah ya zuba masa kishi, irin wanda ba ya hayaniya, sai dai ya zauna a ciki yana cin mai shi. Daga ranar, ƙarar motar Abdulfatah kaɗai kan ɓata masa yini.

Abin haushi kuma, aikin ya kai inda dole Madina ta riƙa zama da mai gida. Sai su zauna a kan dutse a ƙarƙashin maɗaci, ita da wani baƙin littafi a cinya, Mahdi na sama a kan azara, kunnensa na ƙasa.

"Ƙarfe nawa kake tashi?"

"Wane gefe ka fi kwanciya?"

"Kana son rana ta same ka a gado, ko sai ka fito baranda?"

Shi kuwa Abdulfatah ya samu abin da yake so, amsa ɗaya sai ya ja ta kamar labari, yana gyara agogo. Ranar da abin ya kai Mahdi bango ita ce ranar da ta ɗaga kai ta ce, "Kafintana, ara mini tef ɗinka." Ya jefo mata. Yana kallo ta sa Abdulfatah ya tsaya a jikin itace, ta auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunsa, wai don ta san tsayin taga. Da tef ɗinsa, wanda ya saya da guminsa. Ranar sau biyu guduma na samun babban yatsansa.

Da azahar ta tafi salla ta bar littafin a kan katako. Mahdi ya san bai kamata ba, ya kuma buɗe. "Abdulfatah. Shayi ba sukari. Ba ya son ƙarar ruwa a kan kwano. A tsaye yake karatu. Yana son ƙamshin ƙasa bayan ruwa." Ya ƙirga, shafi bakwai cif, duk da kyakkyawan rubutunta.

Sai da ta isa gida ya tura mata saƙo a waya.

"Injiniya, shafi bakwai a kan mutum ɗaya. Ni wata uku muna tare, ko tambayata ba ki taɓa yi ba ko ina shan shayi da sukari."

"Littafina ka buɗe? Haka aikin yake, Mahdi. Ba a zana wa mutum gida sai an san yadda yake zama. Madam Loyis da na zana wa gida bara shafi goma sha ɗaya ta ci."

"Madam Loyis ba ta tura ubanta gidanku ba."

Ya ga alamar ta karanta. Ya jira amsa har wayar ta yi duhu a hannunsa, ba ta zo ba. Washegari ita ma ba ta zo ba, ta aiko wa Dachung cewa za ta yi kwana huɗu wajen zaɓen gilashi da kwanon rufi, a ci gaba da bin zane.

A cikin kwanakin nan aka gama shimfiɗa katakon ƙasa. Abdulfatah ya zo duba aiki, ya hau, ya zagaya, sai ya tsaya a gindin itacen da ya ratsa falo. Ya zura bakin takalminsa a tazarar.

"Malam kafinta, wannan ramin fa? Katako ne ya ƙare, ko iyakar gwanintar ke nan? Na ɗauka an ce hannunka na da kyau."

Amsar tana bakin Mahdi, tun ranar farko aka ba shi ita. Da wani ne ya yi tambayar, da ya yi masa bayani cikin daɗin rai. Amma wannan bakin ne ya yi ta, bakin mai shafi bakwai. Motar na juya baya Mahdi ya ɗauko zarto da kurfi.

Kwana biyu ya yi yana sassaƙa katako yana bin lanƙwasar jikin kowane itace, lungu da kusurwa, har ya haɗe su tsaf. Ko takarda ba za ta ratsa ba. In don kyau ne, bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba.

"Oga," in ji Dachung, "Madam ya ce yatsu huɗu fa. Ka kira shi ka tambaya mana."

"Madam tana can tana auna mutane."

"Ni dai babu hannuna. Itacen nan ba zai ji Hausa ba in iska ya zo."

Masu gilashi suka zo suka kafa babbar taga, suka tafi. A yammacin ranar, wajen la'asar, gabas ta haɗe. Ruwan farko ne na damina, irin na Jos, da iska da ƙanƙara. Mahdi da Dachung suka fake a ƙarƙashin wani dutse suna kallo. Itatuwan uku suka fara rangaji, wannan ya yi gabas, wancan ya yi yamma, gidan kuma ya riƙe su gam ya hana su motsi. Sai aka ji ƙara kamar harbin bindiga. Katakon falo ya turo sama ya tsage, bango ya karkace, babbar tagar ta tarwatse ta zubo ƙasa. Dachung ya dubi Mahdi ya girgiza kai.

Ashe tun makon jiya Madina ta roƙi mahaifinta ya zo ya ga babban aikinta na farko, kuma washegarin ne ranar. Ƙarfe tara sai ga su a keke, Abdulfatah na biye a mota. Malam Labaran ya sauko da sandarsa, ya tsaya yana kallon fasasshen gilashi a cikin laka.

Abdulfatah ya manta da neman aure, ya tuna da gidansa. "Dama an faɗa mini. An ce in ɗauko ƙwararre daga Abuja, na ce a'a, bari in taimaki 'yar gida. Zane a takarda daban, gini daban. Yanzu da ina ciki fa?"

Madina ta hau matakala, ta durƙusa a gindin itacen falo, ta nemi inda za ta zura yatsa ta rasa. Ta leƙo ta dubi Mahdi sau ɗaya. Sannan ta sauko, ta tsaya a gaban mahaifinta da mai gida.

"Laifina ne. Ni ke da aikin, ban zo na duba ba. Ka yi haƙuri."

Mahdi ya fahimci abin da ta yi. Ta rufa masa asiri a gaban mutumin da aurensa ke hannunsa. In ya yi shiru, ya tsira. Amma kafin Juma'a labari zai zagaye gari cewa yarinyar nan mai ɗora gida a kan itace ta kusa kashe mutum, kuma babu wanda zai sake ba ta ko zanen akurki. In kuma ya yi magana, ya miƙa wa Malam Labaran dalilin hana shi da hannunsa. Ya matso ya durƙusa a cikin lakar.

"Baba, ba ita ba ce. Zanenta daidai yake, ta ce a bar tazarar yatsu huɗu, ta kuma faɗa mini dalili. Ni na toshe ta bayan idonta. Katakon busasshe ne, ƙusar mai kyau ce, iska kuma aikinta ta yi. Ni na ɓata aikin."

Malam Labaran ya dube shi ta saman tabarau. "Ka san dalilin, ka kuma toshe. Don me?"

Mahdi ya sunkuyar da kai. "Kishi, Baba."

"Kishin itace?"

"A'a. Kishin mai gidan."

Dachung ya yi tari ya juya baya. Abdulfatah ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya faɗa kan Madina. Hawaye take yi, na haushi ne ƙwarai, amma ba gidan take kallo ba, ba kuma shi ba. Mutum ne mai hankali in ba a taɓa masa kaya ba, ya gane abin da ya gani. Ya ce a gyara masa gidansa kawai, ya shiga mota. Malam Labaran ma ya kira 'yarsa suka tafi.

Kwana goma sha tara Mahdi ya yi yana gyara. Ya ɓalle aikin nan nasa mai kyau da hannunsa, katako bayan katako. Madina na zuwa kullum ta duba, amma babu fulas, babu murmushi, kuma ya koma "Malam Mahdi". Saƙonninsa suna shiga, ba sa dawowa da komai.

"Tsuntsuwata, na san ban cancanci amsa ba. Yau na buɗe tazarar duka uku. Yatsuna sun fi naki kauri, don haka ta ɗan fi faɗi. In ta yi yawa ki faɗa mini, ko ta bakin Dachung ne."

Mahdi ya rame har Dachung ya fara sayo masa dankali da ƙwai da rana yana tsare shi sai ya ci.

Ranar da aka gama, iska ta ɗan taso da yamma. Suna tsaye a baranda su biyu, itatuwan na rangaji a cikin tazararsu, gidan ko gezau. Madina ta buɗe jaka ta fito da wani littafi, ba baƙin ba, wani kore mai kauri. Ta miƙa masa.

"Tunda ka iya buɗe littafin mutane, buɗe wannan."

Kwanan watan da ke shafin farko mako ɗaya ne bayan zuwanta shagonsa. Ya fara karantawa.

"Sukari cokali uku, amma yana cewa biyu. Yana buga kai a ƙofa, a ɗaga ta. Gwiwarsa ta hagu tana damun sa in ana sanyi, matakala ta zama gajejjera. Ba ya iya cin abinci in bai ga waje ba, taga a gaban teburi. In zai yi alwala sai ya rasa inda zai ajiye fensir, a kafa ƙusa ɗaya a gefen famfo."

Ya yi ta buɗawa, shafi na bin shafi. A tsakiya ya tarar da zanen wani ɗan gida a tsakanin itatuwan mangwaro biyu. Ya gane su nan take. Na gonar kakansa ne da ke Naraguta, wadda ya taɓa ambata mata sau ɗaya tak, suna shan shayi.

Ya ɗago ya dube ta.

"Shi tambayarsa nake yi don ban san shi ba," in ji Madina. "Kai me zan tambaye ka?"

"Ki yafe mini, Tsuntsuwata."

"Na yafe tun ranar da ka durƙusa a laka. Kwana goma sha taran nan na tagar ne." Ta share ido da bakin gyale. "Amma ka sani, Kafintana, zan ci gaba da auna mutane. Sana'ata ce."

"Na ji. Sai dai ki sayi tef ɗinki."

Dariyar da ta yi har Dachung ya jiyo daga ƙasa, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Mun gode Allah, yau oga zai ci abinci da kansa."

Kwana biyu bayan haka Malam Labaran ya dawo shi kaɗai, ba wanda ya gayyace shi. Ya hau matakalar a hankali yana dogara sanda, ya je gindin itacen falo, ya sunkuya ya zura yatsunsa huɗu. Suka shige. Ya miƙe yana kakkaɓe hannu, ya dubi Mahdi da ke kwashe kayan aikinsa.

"Shekara sittin da biyu ina jiran in ji kafinta ya faɗi abin da ka faɗa, sai ga shi a kan 'yata na ji. Kishin nan naka dai ka riƙa sassauta masa. Ka turo manyanka ranar Asabar."

Abdulfatah ya janye maganarsa cikin mutunci, ya kuma tare a gidansa na kan maɗaci, inda rana ke samun sa a baranda kamar yadda ya nema. Mahdi kuwa duk daminar nan a Naraguta ya ƙare ta, shi da Dachung da koren littafi, a tsakanin mangwaro biyu.

Bayan ruwa ya ɗauke aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Labaran. Da yamma aka kai amarya. Gwaggo Balaraba, ƙanwar mahaifinta, ta tsaya a gindin matakala ta riƙe ƙugu.

"Ni dai na kai amare Bauchi, na kai Kano, amma yau ce rana ta farko da zan kai amarya kan bishiya. Labaran, Allah ya shirye ka."

Ta hau tana mita, sai ga shi ta kai sama ko haki ba ta yi, don matakalar gajejjera ce. Ta zauna a bakin taga, iska na kaɗa ganyen mangwaro, aka yi ta fama da ita ta sauko ta ƙi. Daga ƙarshe ta dafa kan amarya da ango ta ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya kawo zuri'a ɗayyiba, ya sa gidan nan ya yi ta girma tare da itatuwansa." Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa, tsuntsaye suka watse daga reshe.

Da jama'a suka ragu aka kira magariba. Mahdi ya fita baranda zai yi alwala, ya kai hannu bayan kunne ya zaro fensir, ya rataye shi a ƙusar da ke gefen famfo. Madina na tsaye a bakin ƙofa da lalle a hannu tana kallon sa.

"Tsuntsuwata, in tambaye ki mana. Shi wancan, a shafi nawa ya tsaya?"

"Kai dai ba za ka canja ba. Bakwai."

"Ni fa?"

Ta gyara mayafinta tana murmushi.

"Kai ban gama ba tukuna."

Allah ya bar su tare, ya ƙara musu shafuka masu albarka.